Kiyashin da Ke Kaina

Murfin kwano ne ya jawo duk wannan surutun da za ka karanta. In ka gaji a hanya, shi za ka zarga, ba ni ba.

Ina kishingiɗe a barandar gidana a nan Konni bayan azahar, ina irin barcin nan na tsofaffi wanda ido ke rufe kunne na gadi, sai na ji wani abu yana juyi a kan siminti. Jikana ne, ɗan babban ɗana, da sunka zo hutu daga Yamai. Ya samo murfin kwanon sha, ya tsayar da shi a kan gefensa, ya murza. Murfin ya yi ta juyawa da wani kuka siriri, can ya soma layi, kukan na ƙara sauri, na ƙara sauri, har ya kwanta. Kafin ya kwanta abin nan ya taso mini. Daga tsakar kai ya faro, yarr, ya gangaro ta bayan kunnuwa, ya bi ƙeya, ya watsu a kafaɗu. Na ce a raina, a'a, ashe kuna nan? Ni na zaci kun bi gashin kun tafi.

Kiyashi nake ce musu. Ba ciwo ba ne, ba kuma ƙaiƙayi ba. Ka ɗauka an sami wasu kiyashi masu ladabi, waɗanda ba su cizo, sun yi wanka da ruwan randa, sannan sunka jeru suna tafiya a ƙarƙashin fatar kanka. Iyakar bayanin da zan iya ke nan. Karatuna a lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba. Mushe, wato malaminmu, ya koya mini rubutu, ni kuma na koya masa haƙuri, munka rabu kowa da ribarsa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tsarnawa da Malbaza, can nesa da kwalta. A can na tashi, kuma in za a bi shaidar manya, ni ne yaron da ya fi kowa kunya a garin, don ban taɓa kallon babba cikin ido ba. Har misali ake yi da ni. Ba su san cewa ko tsarana ba na iya kallo ba, idon mutum zafi yake yi mini kamar na leƙa murhu. In ana kiɗan biki, yara na can suna tsalle, ni ina ƙarƙashin rumbu na toshe kunnuwa. Sabuwar riga kuwa, in ba a wanke ta ta yi laushi ba, ƙaya ce a jikina. Yara sun gwada ni a wasan langa sun ga ba riba, sunka bar ni. Ban ji haushi ba. Ina da inda nake zuwa.

Wurin Kaka nake zuwa, uwar babana. Ɗakinta na can ƙuryar gida, da 'yar rumfar kara a gabansa. Da zarar an gama girbi an tsinko kaɗa, wato auduga, sai ta miƙe ƙafa a rumfar nan da hantsi ta hau kaɗi. Hannun hagu na sama da saɓin kaɗa, na dama ya dangwali alli ya murza mazari, mazarin ya tsaya a kan tsininsa cikin 'yar taskira yana juyi. Kukansa bai kai na sauro ba. Sai ka yi shiru ƙwarai za ka ji shi, zrrr, ya ɗan yanke ta naɗe zare, zrrr kuma. Ni da na ji shi sai kiyashina su fito. Nakan zauna ɗan nesa da gwiwarta, ba na taɓa ta, ba ta taɓa ni, warin alli da na hayaƙin da ya kama zanenta na shigo mini hanci, kaina na yarr, yarr, har rana ta take tsaka.

Mai gida take ce mini, kamar yadda kowace kaka ke ce wa jikanta namiji. Sauran jikoki sun san wasa ne, sai su rama, su ce ta tsufa sun sake ta. Ni ban san wasa ba. Na ɗauki auren da gaske, kullum sai na kawo cefane, in ba magarya ba aduwa. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Allah shi bar mu tare, mai gida. Waɗancan duk mazan banza ne."

Ba kukan mazari kaɗai ke kiran su ba. Murna ma na kiran su. Ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, ko akuya ta haihu, ko Inna ta ce yau shinkafa. Ni kuma na ɗauka kowa haka yake. Na zaci in mutum ya ce ya ji daɗi, to, nufinsa kiyashinsa sun fito. Wa zai tsaya yana ba da labarin yana da hanci?

Abin ya tonu ne ranar da Baba ya dawo daga cin rani. Ya daɗe a kudu, sai ga shi ya shigo da akwati a ka. Gida ya kaure, yayyena sunka ruga sunka rungume shi. Ni da na hango shi, kiyashin sunka zubo gaba ɗaya, irin zubowar da ban taɓa ji ba. Na durƙushe a tsakar gida, na dafe kai da hannu ɗaya, ɗayan yana ta kaɗawa shi kaɗai kamar fiffiken zabo. Baba ya sauke akwati ya tsaya a kaina.

"Kai, mi ya same ka? Ba ka gaida ni?"

Na ce, "Kiyashi ne ke tahiya cikin kaina."

"Tun yaushe?"

"Kullum."

Da na san abin da kalmar nan za ta jawo, da na haɗiye ta. Amma a lokacin in aka tambaye ni abu, amsarsa nake bayarwa, kamar rijiya da guga.

Inna ce ta fara. Ta kwantar da kaina a cinyarta ta bi shi saƙo-saƙo tana neman kwarkwata, ba ta sami ko ƙwai ba. Daga nan malam ya karɓa. Na sha rubutu har na fi allon ilimi. Da abin ya ƙi, sai aka ce to, mugun jini ne ya taru a ƙeya, a kira wanzami.

Wanzamin garinmu dogo ne, mai goro a kunci da zabira a hammata, kuma bai taɓa haɗuwa da cutar da bai san uwarta ba. Ya zaunar da ni tsakanin ƙafafunsa, ya jiƙa mini kai, ya wasa aska a tafin hannu, ya ɗora. Ɗan'uwa, ka taɓa sauraron aska a kan kai? Karr, karr, a hankali, daga goshi zuwa baya. Kafin ya kai ƙeya kiyashina sun yi sallar idi. Sannan ya kafa ƙaho, ya tsotsa, ya cire, ya tsattsaga, ya mayar. Wannan kam na ji shi, kuma ba daɗi. Da ya zare ƙahon ya juye baƙin jini a ƙasa, sai ya nuna wa Baba da tsinin aska.

"Ga su nan. Ka gan su?"

Na duƙa na duba sosai. Ban ga ko ɗaya ba, na kuwa faɗa.

Haka aka yi ta yi, kasuwa ta ci wanzami ya zo, ya tambaye ni ko sun tafi, in ce suna nan. Ƙeyata ta zama kamar gonar da kaji sunka tona. Ran nan dai ya gaji, ya tofar da goro ya ce, "Wai mi ke kiran su, yaro?"

Na ce, "Askarka."

Sai da ya yi tari. Ya ce, "Aska tawa korar su take. Motsin hita ne kake ji. Sai mi kuma?"

Na ce, "Mazarin Kaka."

Nan fuskarsa ta washe, kamar wanda ya tsinci jakinsa da ya ɓata. Ya juya wajen Baba ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce duk abin da ke juyawa yana juya ƙwaƙwalwar yaro, kamar yadda muciya ke juya tuwo. In aka bari, wata rana kan zai juye ɗungurungum, a same ni ina tsince-tsince a kasuwar Konni. Magani ɗaya ne, kada a sake kaɗi a gidan da nake.

Mutum ba ya ba uwarsa umarni. Baba ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin rumfa, ya yi ta kewaye-kewaye da murya ƙasa-ƙasa. Kaka ta bar shi ya kai aya. Ta dube ni, ta dubi ƙeyata, sannan ta naɗe mazarin da tsumma, ta miƙe ta soke shi a jinkar ɗaki.

Ban taɓa sanin gida zai iya yin shiru alhali cike yake da mutane ba. Ana daka, ana faɗa, jakai na kuka, amma ƙuryar nan ta mutu. Na ci gaba da kai cefane, ta ci gaba da karɓa. Mukan zauna, ita da ni, muna kallon kaji. Abin da na fi tunawa yatsunta ne. Babban yatsa da manuni suna ta murza iska a kan cinyarta, ita ba ta ma san suna yi ba. Rani ya wuce a haka, bazara ta shigo da zafinta, kaɗar bana na jibge a kwando ƙura na hawanta.

Sai gwaggona ta zo ganin gida daga Tajaye, inda take aure. Ina zaune a wurina ta shiga ɗakin Kaka, na ji ta buɗe tukunyar da ake tara zare. Ta fito da dunƙule a hannu tana jinjina shi.

"Inna, wanga ai bai isa ba. Masaƙi ba ya kafa saƙa da shi."

Kaka ta ce, "In bai isa ba ku naɗe ni da tabarma."

Gwaggo ta sa gefen zane a ido ta bar wurin. Ni kuwa, da yake ba a gaya mini cewa akwai tambayar da ba a yi ba, na ce, "Mi za a saƙa?"

Kaka ta gyara zama. Can ta ce, "Rigar tahiya, mai gida. Likkafani. Uwata da hannunta ta kaɗa nata, ita ma uwarta haka. Ba ni son in je gaban Ubangijina cikin yadin kanti, wanda ban san hannun da ya taɓa shi ba." Ta ɗan yi dariya. "Amma kan miji ya hi riga."

A ranar na gane abu biyu. Duk daɗin da nake ji a rumfar nan, kayan tafiyarta ne take haɗawa a gabana. Kuma ta ajiye su ne saboda ni.

Ban iya ƙarya ba a lokacin, ban san ta inda ake kama ta ba. Sai da na zagaya bayan rumbu na gwada a kan akuya. Na ce mata, "Sun tahi." Ta dube ni tana tuƙa, ba ta musa ba. Na maimaita har bakina ya saba, sannan na je na sami Baba yana gyaran hauya, na faɗa masa. Kallon ƙasa dama sana'ata ce, ba abin da fuskata za ta tona.

Amma Baba ya yi yawon duniya, ba a sayar masa da abu a cikin buhu. Ya ce a gwada. Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Wanzami ya zo da zabirarsa, ko da za a buƙaci ƙari. Inna da yayyena sunka tsaya a gefe. Aka zaunar da ni a gaban Kaka, ta zaro mazari daga jinka, ta kwance tsumman, ta dangwali alli.

Zrrr.

Wata da watanni suna tsare, ka san yadda sunka fito? Kamar an fasa rumbu. Daga tsakar kai har yatsun ƙafa. Hannuwana sunka nemi tashi, na cusa su ƙarƙashin cinya na zauna a kansu. Na sami wata 'yar tsakuwa a ƙasa na kafa mata ido. Kaka ba ta dube ni ba, zare kawai take ja. Amma tsikar jikina ta tashi, duk damatsana sun yi ƙuraje-ƙuraje, kuma ita ce ta fi kowa kusa. Sai ta miƙa hannu kamar ba da gangan ba, ta ɗebo kaɗa cike da hannu ta jibga mini a jiki.

"Riƙe mini, mai gida. Kana zaune ba aikin hwari."

Baba ya tsuguno. "Kana jin wani abu?"

Na ce, "Yunwa."

Gida ya fashe da dariya. Inna ta rangaɗa guɗa. Wanzami ya gyara hula, ya ce shi dama ya san ƙaho na ƙarshen nan ne zai kwashe su. Ya yi suna da ni har Illela. In akwai yaron da aka tsaga wa ƙeya a ƙasar nan saboda labarina, to, ya je ya nemi wanzamin, ni ma nema nake.

Da kowa ya watse, Kaka ta ci gaba da kaɗinta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Abin da ke kanka naka ne. Kada ka ƙara ba kowa ajiyarsa." Ba mu sake maganar ba, ko sau ɗaya.

Na koma wurina kusa da gwiwarta, sai dai yanzu a kan hannuwana nake zama. Ina so ta gama, ba na so ta gama. Kullum dunƙulen na ƙara girma, ni kuma ina sauraro. Ta gama. Masaƙi ya saƙa fari ƙal, Gwaggo ta zo ta haɗa, aka ninke aka sa a tukunya. Daga ranar Kaka ba ta ƙara kaɗi ba, ta ce ido ya gaji. Ta miƙo mini mazarin a cikin tsummansa ta ce gadon miji ne, in ɓoye kada a yi mini dariya. Da damina, gero ya fara fitar da kai, ta sa rigarta ta tafi.

Sauran labarin ba shi da tsawo, ko da yake shi ne ya cinye shekarun. Na zo Konni na zama mai gyaran keke. Mutane na yabona wai ba na sallamar keke sai na juya ƙafarsa na daɗe ina sauraro. Na bar su da yabonsu. Na koyi kallon goshin mutum don ya zaci idonsa nake kallo. Na koyi wasa kuma, da ƙyar, kamar yadda ake koyon harshen wata ƙasa, har na fi masu harshen. In kana ba mutane dariya ba su tambayarka abin da ke ranka. Na yi aure, na zauna da matata har Allah Ya karɓi abarsa. Mace ce ta kirki. Ran da aka haifi ɗanmu na fari, kiyashin sunka zubo, na ce mata kaina na yi mini wani iri. Ta ce rana ce, in sha jiƙo. Na sha.

To, ga jikan nan nawa. Ya isa shiga lakwal amma maganarsa ba ta cika tafin hannu ba. In kabu-kabu ya wuce sai ya toshe kunne. Ba ya kallon ido, sai dai yanzu ba a kiran wannan kunya. Iyayensa sun kai shi wajen lokotoro, wato likita, a Yamai, aka ba abin suna, wai otizim. Kalmar ta fi ƙarfin haƙoran da sunka rage mini, amma na riƙe ta. Uwarsa, yarinya mai haƙuri, kullum tana cikin salula, wato wayar hannu, tana karanta abin da masu irin wannan ke faɗa da bakinsu. Ran nan muna zaune na ji tana gaya wa mijinta, wai wasunsu sun ce in sun yi murna, ko sun ji wani sauti, sai kansu ya riƙa yin yarr. Ta ce ko shi ya sa yaron ke dafe kai in yana juya murfi.

Ni ban ce ina da abin da ke gare shi ba. Ba lokotoron da ya taɓa duba ni, in ka cire mai zabira. Amma shayin da ke hannuna sai da ya zube.

Ƙanwata tana wurin, wadda aka haifa bayan Kaka ta rasu, ta tashi da labarin warkewata kamar tatsuniya. Ta ce, "Ku bar wahal da kanku. A kira wanzami shi kafa mishi ƙaho. Ai Yaya ma haka ya yi, ƙaho ya warkar da shi. Ko ba haka ba, Yaya?"

Na ce, "Ba mai taɓa ƙeyar yaron ga ina da rai."

"To, ai kai ka warke."

Na ajiye kofi. Na ce, "Ban warke ba. Suna nan. Ko shekaranjiya sun hito."

Ka san abin da ya faru? Dariya sunka yi. Ɗana har da riƙe ciki, ya ce, "Baba ke nan, ba ka rabo da ba'a." Tun ina yaro nake riƙe da ajiyar nan, ranar da na kwance ta a gaban jama'a aka ce wasa ne. Ban ga laifinsu ba, ni na koya musu. Maganar ƙaho dai ta mutu a nan, wannan ya ishe ni.

Ana gobe za su koma, da la'asar, na buɗe akwatina na ciro tsumman. Ba kaɗa, ba taskira, kuma ni ban iya kaɗi ba. Na kafa tsinin mazarin a cikin faifai na murza shi kawai. Zrrr. Yaron na can bakin ƙofa da murfinsa. Ya tsaya. Ya taho a karkace, kamar ba wurina zai zo ba, ya zauna ɗan nesa da gwiwata. Na sake murzawa. Hannunsa ɗaya ya tashi yana kaɗawa, ɗayan ya dafe tsakar kai.

Na ce, "Kaɗa abinka, abokina. Ba mai sa ka zauna a kansu."

Ban san ko ya ji ba. Na murza na uku, nawa sunka zubo, na rufe ido. Sai na ji ɗan tafin hannu mai ɗumi a kan sanƙona, daidai inda suke farowa. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya bar hannun a nan har mazarin ya faɗi.

Da safe na sa masa shi a aljihu. Uwarsa ta ce, "Baba, ai kayan tarihi ne, zai karya." Na ce gadonsa ne, in ya ga dama ya karya.

Yanzu ba mai kaɗi a ƙauyenmu. Likkafani a kanti ake yanko shi, nawa ma can za a yanko. Wanzamai sun ragu, abin kuma ya sami suna, har ana rubuta shi a salula. Wataƙila yaron zai girma a cikin mutanen da in ya ce kansa na yarr za su ce masa to, madalla. Ni dai nawa zamanin ya riga ya ba ni amsarsa.

Gidan ya koma shiru tun da sunka tafi. Ya manta murfinsa a bakin ƙofa, ban mayar da shi kan kwano ba. In ka biyo ta layinmu bayan azahar ka hango wani tsoho zaune a siminti yana murza murfin kwano shi kaɗai, kada ka kira kowa. Maƙwabta sun riga sun ce tsufa ne. Ka yi sallama a hankali, ka jira murfin ya kwanta.